FILAYEN TARO NA BIRNIN KANO: ZIYARA DAGA RANO DA KIBIYA

Gabatarwa

Kowane babban birni a duniya yana da wani fili wanda akan ce duk baƙon da bai taka shi ba, bai ga birnin ba. Wanda ya je Landan sai an tambaye shi ko ya tsaya a dandalin Tarafalga. Wanda ya je Alƙahira a tambaye shi dandalin Tahrir, wanda ya je Ikko kuwa a ce da shi ina labarin filin Tafawa Ɓalewa. Mutane kan kashe kuɗi masu yawa don su je su tsaya a waɗannan wurare, a ɗauke su hoto, su dawo gida suna ba da labari. To, amma mu mutanen Rano da Kibiya, babban birnin da ya fi kusa da mu, wanda kuma al'amuransa suka fi shafar rayuwarmu, shi ne Kano. Can ne mazaunin gwamnati tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Mayu, 1967, can ne kuma kakanninmu suka riƙa kai gaisuwa da haraji tun kafin wannan rana da shekaru masu yawa.

Duk shekara makarantun sakandare na wannan yanki sukan ɗebi ɗalibai zuwa birni ziyarar ƙaro ilimi. Mota ta bi ta Bunkure ta ɓulla Ƙarfi, ta hau titin Zariya. Galibi akan kai yaran gidan namun daji da filin jirgin sama da manyan kantuna, a wuce ta gaban fada a guje kamar ana gudun ruwan sama. Yaro ya dawo ya ga zaki da jimina, amma bai san cewa ya ratsa wuraren da aka yanke shawarwarin da suka juya ƙasar kakanninsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu ja hannun mai karatu mu zaga da shi waɗannan filaye ɗaya bayan ɗaya, mu faɗi abin da ya auku a kansu, sannan mu duba halin da suke ciki.

Mene Ne Dandali?

Kafin mu shiga mota, ya kamata mu fara da gida, domin masu iya magana sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsohon garin Bahaushe yana tsaye ne kan duwatsun murhu uku: fada da masallaci da kasuwa. A tsakanin fada da masallaci akan bar wani sarari wanda ba a noma shi, ba a kuma yin gini a kansa. Wannan sarari shi ne ƙofar fada a babban gari, a ƙauye kuwa shi ne dandali, wanda galibi yakan kasance a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Rano ko Kibiya ya san aikin dandali. Da rana dattawa su zauna a inuwar durumi ko ceɗiya ana sasanta rikicin iyakar gona. Da dare, musamman lokacin farin wata, 'yan mata su fito gaɗa, samari su yi langa. In kaka ta yi a buga kalankuwa, a yi kokawa da dambe. Cikin watan azumi 'yan tashe su biyo ta nan. In sarki ya aiko da saƙo, nan ne sanƙira zai tsaya ya yi shela. Ke nan dandali shi ne kotu, shi ne gidan rediyo, shi ne kuma gidan wasan kwaikwayo na garin.

Ita kuwa Rano ba ƙaramin gari ba ce a tarihi. Tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa laƙabi da Autan Bawo, kuma a rabon ayyukan da tarihin baka ya ambata, ita da Kano ne sarakunan baba, wato masu rini. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarkin Kano Yaji (1349–1385) ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya biyo shi har ƙasarsa. Daga irin waɗannan yaƙe-yaƙe ne ƙofar fadar Rano ta koma ƙarƙashin ƙofar fadar Kano. Saboda haka in mun je birni muna kallon filayensa, wani sashe na tarihinmu ne muke kallo.

Gindin Dala

Filin taro na farko da tarihin Kano ya sani shi ne gindin Dutsen Dala. Kundin da muka ambata ya ce Barbushe, shugaban masu bautar Tsumburbura, a kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai ranakun biki. In lokacin ya yi, mutane su taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, kowa da abin yankansa baƙi, ko kare ko kaza ko bunsuru. Da duhu ya shiga sai Barbushe ya shige wurin tsafin shi kaɗai, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara mai zuwa. A nan za mu ga cewa tun farkon al'amari fili wuri ne da shugaba ke fitowa ya yi wa talakawa magana, su kuma su nuna masa yawansu.

Sarki Tsamiya (1307–1343) ne ya fasa katangar wannan wurin tsafi. A zamanin Yaji kuma Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka gina masallaci. Duk da haka mutanen Kano ba su rabu da Dala ba. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya kan cika dutsen maƙil. Ɗalibin da aka hau da shi ƙolin Dala zai hango birnin a shimfiɗe kamar taswira: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga ragowar ganuwar da aka soma ginawa zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134). Nan ya kamata kowace ziyara ta fara.

Rumfa da Kasuwar Kurmi

Wanda ya tsara tsakiyar birnin kamar yadda muka san ta shi ne Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Shi ya gina gidan sarautar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, shi ya faɗaɗa ganuwa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya fito da kakaki da figini da majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne shehin malamin nan Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna, aka sare itaciyar tsafi, aka gina masallacin Juma'a. Da wannan duwatsun murhun nan uku suka zauna daram a birni.

Sunan Kurmi ya samo asali ne daga kurmin da ke bakin ruwan Jakara, wanda mutanen da suke girmamawa. Wurin da ake jin tsoron shiga sai ya zama wurin da kowa ke tururuwar zuwa. Baturen Ingila Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya yi mamakin tsarin kasuwar. Ya ga Sarkin Kasuwa yana ba da hayar rumfuna yana kuma sa ido kan farashi. Ya ga cewa in mutum ya sayi riga a ƙunshe ya tafi da ita har Barno, ya buɗe ya tarar da aibi, zai iya komo da ita a nemo dillalin da sunansa ke cikin ƙunshin, a biya shi kuɗinsa. Har laima ƙirar Ingila ya saya a cikin kasuwar. Bayansa Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Mu tuna cewa audugar da babar da ke cikin waɗannan tufafi daga gonakin karkara suke fitowa, kuma masaƙa da marina na garuruwan kudancin Kano suna da kaso a cikin wannan arziki.

Sai dai tarihi ba zuma zalla ba ne, akwai maɗaci. Shi dai Clapperton ɗin ya ga dogayen rumfuna biyu a kasuwar, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, inda ake jera bayi ana cinikinsu kamar awaki. An ci gaba da wannan ciniki har zuwa 1903. Malamin da ya kai ɗalibai Kurmi ya nuna musu 'yan dukawa da 'yan sirdi da masu turare, bai kamata ya ɓoye musu wannan ba. Filin taro yakan ajiye abin alfahari, yakan kuma ajiye abin kunya.

Ƙofar Kudu

In an ce dandalin Kano kai tsaye, to Ƙofar Kudu ake nufi. Gidan Rumfa yana da manyan ƙofofi uku: Ƙofar Fatalwa da Ƙofar Kwaru da Ƙofar Kudu. Ita ta kudun an gina ta ne zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1855. A zamaninsa ne kuma Ningawa suka matsa wa kudancin ƙasar Kano da hare-hare, abin da ya sa garuruwanmu suka dogara da ganuwa da duwatsu. A gaban ƙofar akwai makeken fili, kusa da shi ga kotun shari'a, a tsallaken titi kuma ga Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya zama sarki, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Shi wannan gida na Rumfa ya sha canza masu shi, kuma sau ɗaya ƙarshen labarin a ƙasarmu ya kasance. Lokacin jihadi, da aka ci Sarki Alwali da yaƙi wajen 1807, sai ya bar birni ya nufi Zariya, daga can ya juyo ƙasar Rano, aka cim masa a Burum-Burum aka kashe shi. Ke nan sarautar Haɓe ta Kano a kudu ta ƙare. Malam Sulaimanu da aka naɗa bayansa bai shiga Gidan Rumfa nan take ba, saboda wasu daga cikin jama'ar jihadi suna ganin gidan na sarakunan da aka yaƙa ne, sai da aka nemo izini daga wurin Shehu Usmanu. Wannan ya nuna mana cewa tun da can an san cewa wanda ya riƙe fada da filin gabanta, shi jama'a za su ɗauka sarki.

Ranar da Ƙofar Kudu take cika ta batse ita ce ranar Hawan Daushe, washegarin Salla. Sarki kan fita ya je Babban Ɗaki a Gwangwazo ya gai da mahaifiyarsa, sannan ya zago ya shigo ta wannan fili da la'asar. Hakimai su wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa da ayarinsa da makaɗansa. Ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga 'yan bindiga, ga dogarai cikin ja da kore. In Sarki ya tsaya ƙarƙashin laima, mahaya su zaburo a guje su ja linzami a gabansa, su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan ita ce jahi. Mai kallo zai ɗauka wasa ne kawai, alhali asalinsa duba rundunar yaƙi ne da sabunta mubaya'a. Hakimin da dawakinsa suka rame, ko mutanensa suka yi ƙaranci, kowa ya san ƙasarsa ba ta zaune lafiya. Shekara da shekaru ayarin Sarkin Rano yana cikin masu wucewa ta nan, tare da na Gaya da na Ƙaraye, kuma dattawanmu da yawa sun taɓa riƙe linzami ko kaɗa ganga a wannan fili.

Ba don murna kaɗai ake taruwa a Ƙofar Kudu ba. Nan aka sallaci Sarki Ado Bayero a watan Yuni na 2014 bayan ya shekara hamsin da ɗoriya a kan gado, nan kuma aka sallaci Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule a watan Yuli na 2017.

Zuwan Turawa da Sababbin Filaye

A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji da ke maƙwabtaka da mu, ta ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. A watan Afrilu Gwamna Lugga ya tabbatar da Muhammadu Abbas a kan sarauta. Turawan ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun kafa mazauninsu a gabashin birni, wajen Nassarawa da Bompai, suka share nasu filayen, wato Filin Sukuwa da Filin Folo. Daga nan Kano ta zama mai tsakiya biyu: ɗaya a fada, ɗaya a bariki.

Turawan sun lura da ƙaunar da mutanen ƙasar nan suke yi wa doki, sai suka haɗa hawan Salla da wata al'ada da suka saba da ita a Indiya, inda suke tara sarakuna su yi wa Sarkin Ingila mubaya'a. Kalmar daba da muke cewa hawan daba daga can ta zo. Lugga ya tara sarakunan Arewa a Kano ranar 1 ga Janairu, 1913. An sake yin irin wannan taro a 1925 saboda zuwan Yariman Ingila mai jiran gado, sannan aka yi wa Sarauniya Elizabet nata a Kaduna a 1956. Dawakin su ne, kakakin shi ne, amma wanda ake wa jinjinar ya canza. Hawan Nassarawa ma, wanda Sarki ke fita daga birni ya je gidan gwamnati, daga wancan zamani ya samo siffarsa, lokacin da ake zuwa gai da Razdan. A watan Nuwamba na 1925 kuma jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, a kan filin wasan dawaki, domin a lokacin ba a gina filin jirgi ba.

A Ikko ma haka abin yake. Filin da ake kira Tafawa Ɓalewa filin sukuwar Turawa ne, kuma a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoba, 1960. Wurin da mai mulki ya share don nishaɗinsa, nan aka sallame shi.

Filayen Murna da na Kuka

Daga gabashin birni, a bakin Ƙofar Mata, akwai Filin Idi, kusa da tsofaffin karofin rini. Nan Sarki da jama'a suke sallar Idi, daga nan kuma hawan Salla yake tashi zuwa Gidan Shettima, inda Sarki ke haɗuwa da Gwamna. A wannan fili ne aka yi gagarumin taron ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano cikin watan Yuni na 2000, taron da mutanen ƙauyukanmu da dama suka kwana a hanya don su halarta.

Ba nisa da fada akwai Filin Shahuci. Ranar 18 ga Disamba, 1980, nan 'yan sanda suka yi arangama da mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine da suka fito wa'azi. Wutar da ta kama a wannan fili ta ci kwanaki ba ta mutu ba sai da aka kawo soja, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka halaka. Harabar Babban Masallaci kuwa, wadda ke cika da sahu duk Juma'a har kan tituna, ita ce aka kai wa harin bama-bamai da bindigogi ranar 28 ga Nuwamba, 2014, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Abin da ya kamata a gaya wa ɗalibi a nan shi ne, an wanke masallacin aka ci gaba da salla a cikinsa.

Talakawa ma sun taɓa zaɓar nasu filin. A farkon watan Janairu na 2012, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, matasa suka mamaye shataletalen Silba Jubili kusa da Ƙofar Nassarawa, suka raɗa masa sunan dandalin 'yanci, suna koyi da mutanen Masar waɗanda zamansu na kwana 18 a Tahrir ya sa Husni Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu, 2011. A wannan zama ne aka ga Kirista sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu har suka idar da salla. Cikin dare jami'an tsaro suka tarwatsa taron. Daga baya an gina gadar sama a wurin, kuma mai wucewa ba zai ga wata alama da za ta tuna masa da wannan rana ba.

Namu da Nasu

A nan ne bambancin filayenmu da na ƙasashen waje yake fitowa. Dandalin Tarafalga an sa masa sunan yaƙin teku na 1805, kuma an kafa dogon ginshiƙi da mutum-mutumin Nelsan a kansa, saboda haka ko baƙo ya san akwai labari. A dandalin Konkod na birnin Faris, inda aka fille wa Sarki Luwis na 16 kai ranar 21 ga Janairu, 1793, akwai doguwar hasumiyar dutse da aka kawo daga Masar aka kafa a 1836. Dandalin Igul na Abuja, inda soja suka miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999, yana da rumfunan kankare da shinge da masu gadi.

Namu filayen ba haka suke ba. Addininmu bai yarda da gumaka ba, kuma al'adarmu ta ajiye tarihi ne a bakin maroƙa da dattawa. Darajar filinmu tana ga taron da ake yi a kansa. In taro ya watse sai ya koma rairayi da kashin doki. To, ga inda haɗarin yake: mutumin da bai san labarin ba, in ya dubi irin wannan wuri, fuloti yake gani wanda ba a riga an yanka ba. Ba mai tunanin sayar da gindin ginshiƙin Nelsan, amma sarari maras alama kowa na iya kai masa igiyar awo.

Halin da Ake Ciki

Abin da muke tsoro ya riga ya soma faruwa. An yanka gefen Filin Idi na Ƙofar Mata aka gina shaguna. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su, 'yan kasuwa suka garzaya kotu, kotu ta ce a biya su diyya. Ba mu zo nan don mu ɗora wa wani ɓangare laifi ba. Abin lura shi ne, an yi asarar dukiya wajen gini, an yi wajen rushewa, kuma da akwai doka tsayayya wadda ta shata iyakar filin tun farko, da ba a kai ga ko ɗaya ba. Ganuwa ma ta sha irin wannan, an ɗebe ƙasarta an yi bulo, an gina gidaje a kan gurbinta.

Haka kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Amma a wannan shekara da wadda ta biyo ta, 'yan sanda sun hana hawa saboda taƙaddamar sarauta. Mu kanmu guguwar ta taɓa mu. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya ƙarƙashin Alhaji Tafida Abubakar Ila, hawa ya dawo ƙofar fadar Autan Bawo da cikar darajarsa. Da ya rasu a watan Mayu na 2020 aka naɗa Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa, wanda kafin nan shi ne hakimin Kibiya. A watan Mayu na 2024 aka soke masarautar, a watan Yuli kuma aka dawo da ita da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Cikin shekara biyar mahayanmu sun ga canji iri-iri, filin fada kuwa yana nan yana jiran duk wanda aka naɗa.

A ƙauyuka kuma dandali yana ƙanƙancewa. Wani wuri an kafa shagunan caji, wani wuri an mai da shi tashar babura, wani wuri magada sun ce gonar kakansu ce. Ita kanta kalmar ta yi ƙaura: in ka ce wa ɗalibin yau dandali, Facebook da sauran dandalin sada zumunta zai fara tunawa. Ba mu ƙi ci gaba ba, amma a waya ba a sallar Idi, ba a jana'iza, ba a kuma yin jahi.

Kammalawa

Shawarwarinmu guda huɗu ne. Na farko, masu shirya ziyarar ɗalibai su ware yini guda don tsohon birni, a fara daga Dala, a gangaro Kurmi, a ratsa Babban Masallaci da Ƙofar Kudu da Gidan Makama, a ƙare a Filin Idi. Tafiya ce da ƙafa ma za ta iya yi, kuma tunda an dawo da darasin Tarihi cikin manhaja bayan shekarun da ya yi a waje, ga aji nan a shimfiɗe ba sai an gina ba. Na biyu, hukumomin tarihi da masarautu su kafa alluna da Hausa, boko da ajami, a kowane fili, masu faɗin abin da ya faru a wurin da shekarar da ya faru. Na uku, majalisar dokoki da ƙananan hukumomi su auna waɗannan filaye, na birni da na karkara, a yi musu takarda da sunan jama'a, yadda ba wata gwamnati da za ta iya yanka su. Na huɗu ya rataya ne a wuyan marubuta, 'yan wannan ƙungiya tamu. Akwai tsofaffi a Rano da Kibiya da Rurum waɗanda suka hau doki a Ƙofar Kudu tun zamanin Sarki Sanusi na Ɗaya, akwai tsofaffin mata da suka san waƙoƙin gaɗar da yanzu ba a yi. A je a zauna da su da alƙalami da rikoda tun suna da rai, domin in bango ya faɗi, zanen da ke jikinsa ya tafi.

Kakanninmu sun san darajar ƙasar noma fiye da mu, amma duk da haka suka bar sarari a tsakiyar gari ba su shuka komai a kai ba, don jama'a su sami inda za su haɗu. Amana ce suka bar mana, kuma za a tambaye mu yadda muka miƙa ta ga na baya. Allah ya ba mu ikon riƙewa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.